Yadda Kwamfuta Ke Yi wa Rubutu Li'irabi, da Inda Hausa Ke Maƙalewa

A ce wani dillali ɗan Mamudo yana tsakiyar kasuwar kara ta Potiskum, ya zaro waya ya rubuta wa maigidansa cewa: "Alhaji, an taya bijimin dubu dari uku da hamsin, ban sallama ba." Alhaji na dubawa ya gama fahimta. Ya san tayi aka yi, ciniki bai faɗa ba. Ya san "dari" ɗin nan ɗari ce aka rubuta babu ƙugiya, kuma ya san kuɗin naira 350,000 ne. To, a ce ɗan Alhaji, wanda ya fara koyon rubuta manhaja, ya ga mahaifinsa na shan wahalar kwafe irin waɗannan saƙonni cikin littafin lissafi kowane dare, ya ce bari ya sa kwamfuta ta riƙa yi. A nan ne yaron zai gane cewa abin da mahaifinsa ya yi cikin ƙiftawar ido aiki ne hawa-hawa, kuma kowane hawa sai an koya wa na'ura shi dalla-dalla.

Kwamfuta ba ta ganin kalma. Abin da ke isa gare ta jerin lambobi ne, kowace lamba na wakiltar harafi, ko waƙafi, ko filin da ke tsakanin kalmomi. Aikin farko shi ne yanka: a bi jerin nan a raba shi guntu-guntu, a ce wannan kalma ce, wannan adadi ne, wannan alamar rubutu ce, wannan kuwa fili ne a tsallake shi. Aiki na biyu shi ne li'irabi: a duba yadda guntayen suka jeru, a gano wanne ya rataya da wanne. Wanda ya yi darasin ginin jimlar Hausa ya zana bishiyar li'irabi a allo, wanda ya zauna gaban malamin nahawu a zaure kuma ya sha tambayar wane ne aikau, wane ne karɓau. Aikin dai shi ne, sai dai wannan karon na'ura ake so ta yi. Duk sanda ka buɗe shafin intanet, ko ka rubuta lissafi a Excel, ko ka danna lambobin nan na banki masu farawa da tauraro, akwai wata 'yar manhaja a ɓoye da ta yanka abin da aka rubuta sannan ta yi masa li'irabi.

A shekarun 1970, a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka, an ƙera kayan aiki biyu da suka mamaye wannan fage na dogon lokaci. Lex na yanka ne, Mike Lesk da Eric Schmidt suka fitar da shi a 1975, kuma Schmidt ɗin nan shi ne wanda daga baya ya shugabanci kamfanin Google. Yacc na li'irabi ne, aikin Stephen Johnson. Yadda ake amfani da su shi ne ka rubuta ƙa'idojinka cikin wani ƙaramin harshe na musamman, su kuma su haifar maka da manhaja cikin harshen C. Suna da sauri, har gobe ana amfani da jikokinsu. Amma sai ka koyi harshe biyu ko uku kafin ka gama aiki ɗaya, kuma abin da suke haifarwa ba mai iya karanta shi cikin daɗin rai.

Akwai wata hanya da ta taso a gefe, a hankali. William Burge ya kawo tushenta cikin littafinsa na 1975, Philip Wadler ya ƙara mata ƙarfi a 1985, Graham Hutton ya tsara ta a 1992, sannan shi da Erik Meijer suka sake fasalta ta a 1996. A 2001 ne Daan Leijen na jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, shi da Meijer, suka gabatar da Parsec cikin harshen Haskell, wanda ya nuna cewa hanyar za ta iya ɗaukar aikin gaske, ba wasan malaman jami'a kawai ba ce. Hikimar ba ta da wuyar faɗi. Ka ƙera ɗan ƙaramin mai li'irabi wanda abu ɗaya tak ya sani, misali kalmar "uku". Idan aka miƙa masa rubutu, amsarsa ɗaya ce cikin biyu: ko ya ce na gane, ga 3, ga kuma sauran rubutun da ban taɓa ba, ko ya ce ban gane ba, a daidai nan na tsaya. Sai kuma ka ƙera mahaɗai, wato ayyukan da ke karɓar irin waɗannan ƙanana su haɗa su su zama babba. Wani mahaɗin yana cewa wannan, sai wancan ya biyo baya. Wani yana cewa ko wannan ko wancan. Wani yana cewa a maimaita har sai ya ƙare, wani kuma ya ce in akwai a ɗauka, in babu a wuce.

Sirrin yana wuri ɗaya: abin da mahaɗi ya haifar, shi ma mai li'irabi ne, siffarsa ɗaya da ta ƙananan da aka haɗa, don haka ana iya sake haɗa shi da wani. Mutumin Potiskum, garin manyan motoci, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Kan tirela yana jan bodin shanu yau, gobe ya ja na siminti, jibi tankar mai, don kawai wurin da ake sarƙa kai da bodi iri ɗaya aka ƙera shi. Ranar da wani maƙeri ya yi wa bodinsa masarƙi na daban, ranar ya raba shi da sauran motocin gari.

Mu koma kan yaronmu. Zai fara da ƙanana tara, daga "ɗaya" zuwa "tara", ya haɗa su da mahaɗin zaɓi, ya samu mai gane kowane adadi ƙasa da goma. Ya yi haka ga ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in, tamanin da casa'in. Sai ƙa'idojin da kowane Bahaushe ya sani ba tare da ya taɓa tunaninsu ba: bayan "goma" da "sha" ake ɗorawa, bayan sauran da "da". Ana iya jefar da goman a ce "sha biyu" kawai. Bayan "ɗari" adadin da ya biyo kai tsaye ninkawa yake yi, wanda ya biyo bayan "da" kuwa ƙari ne, shi ya sa "ɗari uku" 300 ne amma "ɗari da uku" 103. Akwai kuma ragi, inda tsofaffi ke cewa "ashirin ba ɗaya" suna nufin 19. Kowace ƙa'ida layi ɗaya ce ko biyu, ana iya gwada ta ita kaɗai kafin a sarƙa ta da 'yan'uwanta. Wanda ya karanta manhajar zai ga kamar nahawun ƙidayar Hausa yake karantawa, kuma wannan shi ne babban abin da ya sa mutane ke son hanyar.

Sai dai masu rubuta manhaja ba su cika fara komai daga tushe ba. Akwai tarin kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye don kowa ya ɗauka, shi ake kira laburare. Kuma laburaren mahaɗai yana da wata ɗabi'a: saurin kumbura. Yau an ƙara mai gane adadi, gobe mai tsallake fili, jibi mai gane zance tsakanin alamomi, kafin a ankara ayyuka sun kai ɗaruruwa. Idan aka zuba su wuri ɗaya, mai nema ba zai samu ba, mai gyara kuma zai taɓa nan ya ɓata can. Saboda haka tambayar ina za a ajiye me ba ta kwalliya ba ce. A ganina ita ce ke yanke hukuncin ko laburaren zai yi wa harshe irin namu amfani ko kuwa zai rufe mana ƙofa.

Dubi yadda aka raba Parsec. Akwai sashen da ake kira Prim, shi ne cibiya: a nan aka faɗi mene ne mai li'irabi, yaya ake jerawa, yaya ake zaɓi, yaya ake faɗuwa. Kusa da shi akwai sassa biyu ƙanana, ɗaya na riƙe layi da gurbin da aka kai a rubutu, ɗaya na tsara saƙon kuskure. Sama da cibiya akwai Combinator, gidan mahaɗan da ba ruwansu da abin da ake karantawa, irin su jerin abubuwa da waƙafi a tsakaninsu, ko abu tsakanin baka biyu. Sannan Char, inda aka fara maganar haruffa. Sannan Token, kayan yanka: fili, adadi, suna, keɓaɓɓun kalmomi. Akwai kuma Expr na lissafi, mai kula da cewa ninkawa na gaba da tarawa. Dokar da ta riƙe ginin ita ce na sama ya san na ƙasa, na ƙasa kada ya san na sama. Cibiya ba ta san akwai wani abu wai shi harafi ba. Za ka iya ba ta jerin haruffa, ko jerin guntayen da wani ya riga ya yanka, aikinta ɗaya.

Waɗanda suka zo baya sun ƙara tsananta rabon. Mark Karpov ya ɓallo Megaparsec daga jikin Parsec a 2015, daga baya ya kwashe mahaɗan da ba ruwansu da irin rubutu ya mai da su wani ƙunshi mai zaman kansa, don wasu laburarorin ma su amfana. Masu harshen Scala kuwa, a 2014, sun cire laburaren mahaɗansu daga cikin kayan da ke zuwa tare da harshen, suka ware shi gefe, kuma a cikinsa ɓangaren yanka daban yake da na ginin jimla. Inda Parsec da Megaparsec suka fi rabuwa shi ne kan kayan yanka. Parsec yana ba ka wani fom ka cike: da me suna ke farawa, da me yake ci gaba, waɗanne kalmomi ne keɓaɓɓu, ana bambanta babban baƙi da ƙarami ko a'a. Kana cikewa sai ya miƙo maka kayan yanka gaba ɗaya a dunƙule. Wannan yana da daɗi matuƙar abin da kake karantawa ya yi kama da Haskell ko Java, waɗanda don su aka yanka fom ɗin. Megaparsec ƙananan kaya yake ba ka a warwatse, kai ka harhaɗa. Ya fi cin lokaci a rana ta farko, amma ga mai aiki da Hausa shi na fi so, kuma dalilin zai fito nan gaba kaɗan.

Abu mafi raini a yanka shi ne fili, kuma shi ya fi kayar da sababbin hannu. Dillalinmu na iya barin fili biyu tsakanin kalmomi, ko ya sauka sabon layi a tsakiyar adadi. Idan kowace ƙa'idar nahawu sai ta kula da wannan da kanta, manhajar za ta cika da shara, kuma dole a manta a wani wuri. Maganin da aka daidaita a kai shi ne kowane guntu, in ya gama cin kalmarsa, ya share filin da ke bayansa, ba na gabansa ba. Akwai mahaɗi guda da aka ware don haka, sunansa lexeme a laburarorin biyu. Filin farkon rubutu kawai ake sharewa da hannu, sau ɗaya, a ƙarshe kuma a tabbatar rubutun ya ƙare da gaske. Wanda ya manta wannan tabbatarwar, manhajarsa za ta karanta "ɗari uku", ta ci karo da abin da ba ta gane ba, ta yi shiru ta ba shi 300 alhali akwai sauran kuɗin a baya.

Tarko na gaba Hausa ta fi kowa iya ɗana shi. Kalmar "da" ita ce farkon "dari", ita ce farkon "dala" da "dawa". Kalmar "sha" ita ce farkon "shanu". A rubuta "awaki goma shanu biyu", mai li'irabin da aka gina kan haruffa kai tsaye zai ga "goma", ya ga "sha", ya yi murna ya tafi neman adadi ƙasa da goma, sai ya tarar da "nu". Dokar da masu yanka suka daɗe da ita ita ce a ci mafi tsawon abin da zai ciwu: kada a yarda an ga "sha" sai an leƙa an tabbatar ba harafi ne ke biye da ita ba. Wannan leƙen wurinsa sashen yanka, a rubuta shi sau ɗaya, duk keɓaɓɓun kalmomi su bi ta cikinsa.

Haka nan "tara", "talatin", "tamanin" da "takwas" duk da "ta" suka fara. Parsec yana da wata ɗabi'a da aka yi da gangan: idan zaɓi na farko ya riga ya ci ko da harafi ɗaya sannan ya faɗi, ba ya komawa baya ya gwada na biyu, sai in ka lulluɓe na farkon da wani mahaɗi mai suna try. Mutane da yawa na ganin wannan fitina ce, amma da dalili. Rashin komawa baya barkatai shi ke ba shi damar sakin rubutun da ya wuce daga ƙwaƙwalwa, shi ke kuma sa ya iya cewa a layi kaza, gurbi kaza, na ga kaza alhali kaza nake jira. Wanda ya bi ko'ina ya barbaɗa try don ya huta, zai wayi gari manhajarsa na nuna masa farkon saƙo tana cewa nan ne kuskuren, alhali kuskuren na can ƙarshe. In kuwa aka yanka kalma sukutum tukuna sannan aka duba ta cikin jeri, matsalar "ta" ba ta ma tasowa.

Yanzu ga inda na ce Hausa ke maƙalewa. Duk kayan yanka suna tsaye ne kan tambaya ɗaya: mene ne harafi? Tsarin ASCII na 1963, mai bai wa kowane harafi lambarsa, gurabe 128 gare shi, haruffansa kuma na Ingilishi ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, duk da cewa tun shekarun 1930 ake buga Hausa da su. Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba su gurabe tun farkon shekarun 1990. Amma tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu ba. A laburaren pyparsing na harshen Python, wanda Paul McGuire ya rubuta, jerin haruffan da sabon hannu zai fara ɗauka na Ingilishi ne zalla. A nom na harshen Rust, aikin Geoffroy Couprie, mai gane haruffan da aka fi ɗauka shi ma haka. A ba su "ƙasa" su tsaya tun a harafin farko, a ba su "kuɗi" su ci "ku" su bar sauran. Ko wanda ya san da matsalar yana iya zamewa, don Unicode bai ajiye haruffanmu a unguwa ɗaya ba. Ƙaramin ƙ da ƙaramin ƴ, tare da manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ, suna rukunin ƙarin haruffan Latin na biyu. Ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna can rukunin alamomin masana furuci, a gurbi na 0253 da 0257. Mutum zai buɗe wa rukuni ɗaya ƙofa, ya gwada da "ƙasa" ya ga ta wuce, ya tafi barci, washegari "ɗari" ta kayar da shi.

Alhamza ta fi wannan rikici. A wurinmu baƙi ce cikakkiya: tana cikin "sa'a", "arba'in", "jama'a", tana kuma farkon "'ya'ya" da "'yan kasuwa". A yawancin harsunan kwamfuta kuwa alamar buɗe zance ce. A fom ɗin Parsec, yadda yake zuwa kafin ka taɓa shi, an yarda alhamza ta zo a tsakiya ko ƙarshen suna, don masu Haskell na amfani da ita haka, amma ba a yarda ta fara suna ba. Ke nan "arba'in" za ta wuce bisa sa'a, "'yan" ta maƙale. Bugu da ƙari, abin da ido ke gani alhamza ɗaya, a wurin na'ura aƙalla uku ne: miƙaƙƙiya ta allon rubutu, lanƙwasasshiya wadda waya da Word kan sauya maka ba ka roƙa ba, da wata ta uku wadda ita kaɗai Unicode ya lasafta a matsayin harafi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y. Ɗan kasuwar Maraɗi da na Potiskum kalma ɗaya suke nufi, na'ura na ganin biyu.

Ga kuma rubutun da babu ƙugiya sam, irin na dillalinmu. Kada a yi saurin zarginsa da kasala. Saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ɗaya ta shiga sai tsarin ya sauya, ya koma 70, kuɗin dogon saƙo ya ninka, ga shi kuma wayoyi da yawa ba su da haruffan a allonsu. Dole manhaja ta karɓi "dari" da "daya" da "hudu". Amma a ina za a karɓe su? In aka cusa su cikin nahawu, kowace ƙa'ida sai ta ninku. Wurinsu wani ɗan jadawali ne a sashen yanka, mai cewa a fagen ƙidaya "dari" ɗari ce. Na ce a fagen ƙidaya, don ba a yin haka ga harshe gaba ɗaya. "Baki" da "baƙi" ba abu ɗaya ba ne, haka "kafa" da "ƙafa", kuma manhajar da ta share ƙugiya ko'ina don ta sauƙaƙa wa kanta ta zubar da abin da ba za ta iya maidowa ba.

Duk waɗannan matsaloli, in ka lura, babu ɗaya da ta taɓa cibiya ko mahaɗai. A sashen haruffa da na yanka suke zaune. Laburaren da ya ware sassan nan da kyau, kana iya cire nasa ka sa naka, sauran ginin bai ko girgiza ba. Wanda kuwa ya cusa ma'anar harafi cikin cibiyarsa, sai dai ka yi ta faci. Kuma a yankin Potiskum maganar ba ta tsaya kan Hausa ba. Marigayi Russell Schuh na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi aiki kan Ngizimanci a nan tun wajen 1969, ya fitar da ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, aka fitar da ƙamusoshin Bolanci, Karekare, Ngamo, Ngizim da Bade a 2004, aka sake bugu a 2009. Rubutun ƙamus irin wannan yana ɗauke da alamomin karin sauti a kan wasula, kuma wasali mai alama na iya zama gurbi ɗaya a Unicode ko gurbi biyu da aka ɗora, ido bai bambanta su. Ngizimanci na da wasalin ə, shi ma Unicode na da haruffa biyu masu kamarsa sak. Sashen yanka ɗaya da aka rubuta da hankali, wanda ke daidaita waɗannan tun a ƙofa, zai yi wa harsunan nan duka aiki da ɗan gyara kaɗan.

Saura wata tambaya da yanka ba zai amsa ba. "Dubu ɗari uku da hamsin" nawa ne? Nahawu ya yarda da karatu biyu: 350,000, in hamsin ɗin na cikin dubban, ko 300,050, in a waje take. Tsarin Wadler na 1985 yana maido da duk amsoshin da suka yiwu cikin jeri, Parsec kuwa na farkon da ya ci nasara yake ɗauka, don haka yadda ka jera zaɓinka hukunci ne ka yanke ko ba ka sani ba. A kara babu mai taya bijimi da ɗoriyar naira hamsin, kowa ya san 350,000 ake nufi. A takardar banki kuwa ba a yarda da "kowa ya sani" ba. Haka "jaka" take: naira 200 ce a Najeriya, a Nijar kuwa jika sefa 1,000 ce, wato dala 200, tunda dala sefa 5 ce. Wannan sanin kasuwa ne, ba na haruffa ba ne, ba kuma na nahawu ba. Wurinsa hawa na can sama, a cikin manhajar mai amfani, inda za a iya sauya shi in an sauya kasuwa. Manhaja mai mutunci, in ta ga karatu biyu kuma kuɗi ne a tsakani, tambaya take yi.

Hanyar mahaɗai tana da nata rauni, kada a ce ban faɗa ba. In ka rubuta ƙa'idar da ke fara kiran kanta kafin ta ci ko harafi ɗaya, misali ka ce jimilla ita ce jimilla da ƙarin adadi, manhajar za ta yi ta zagaye har ƙwaƙwalwa ta cika. Yacc ba ya jin wannan, amma a nan sai ka juya ƙa'idar ta zama adadi, sai maimaicin ƙari. Wajen sauri ma sau da yawa kayan da ake haifarwa irin na Lex da Yacc na gaba, abin da ya sa Bryan O'Sullivan ya rubuta attoparsec, wanda ya sadaukar da kyawun saƙon kuskure don gudu. Sannan kada wani ya ɗauka da wannan zai yi wa Hausa gaba ɗayanta li'irabi, da karin maganarta da habaicinta. Fagen hanyar shi ne rubutu mai iyaka: adadi, kwanan wata, jerin kaya, shigarwar ƙamus, harshen kwamfuta. A wannan fagen kuwa ta yi aikin a zo a gani. Pandoc, manhajar sauya takardu daga wani tsari zuwa wani, wadda John MacFarlane, malamin falsafa a Berkeley, ya fara a 2006, da mahaɗan Parsec aka gina masu karanta mata rubutu.

Masana na jayayya kan ko a yanka rubutu duka tukuna sannan a yi li'irabi, ko a gwama su a tafiya ɗaya. Ga harsunan kwamfuta kowane ɓangare na da hujja. Ga saƙon Hausa na waya, ni dai ina bayan a raba. Rubutun da ke zuwa da alhamza iri uku, da ƙugiya yau akwai gobe babu, da adadi rabi kalma rabi lamba kamar "dubu 350", ya fi kyau a tsabtace shi a ƙofa, kowane guntu ya shiga da lambar layinsa da gurbinsa, nahawu ya samu abu mai tsabta.

Mutanen nesa da yawa ba su san sunan Mamudo, garin dillalinmu, ba sai ta dalilin harin da aka kai makarantar sakandaren gwamnati ta garin ranar 6 ga Yulin 2013, inda aka kashe aƙalla mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suka yi wannan ta'asa karatu suka so kashewa, ƙannen waɗancan yara kuwa ga su nan suna karatu, wasu a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Potiskum, wasu a jami'ar jiha a Damaturu. Gare su nake magana, da malamansu na kwamfuta da na Hausa, waɗanda ya kamata su riƙa zama teburi ɗaya. Aikin nan ba ya buƙatar babbar na'ura, Python na gudana ko a wayar Android. Ku fara da sashen yanka shi kaɗai: jerin haruffan Hausa manya da ƙanana, alhamza ukun a mai da su ɗaya, 'y da ƴ a daidaita su, keɓaɓɓun kalmomin ƙidaya da leƙen abin da ke biye da su. Ku nemi izinin iyayenku da ke kasuwa ku tara saƙonnin ciniki na gaske, ku goge sunaye da lambobin waya, ku gwada da su. In ya yi aiki, ku rubuta bayaninsa da Hausa, ku sa shi a GitHub inda ɗalibin Azare ko na Zinder zai ɗauka ya ɗora nasa a kai.